WD-40 da sandar sirdin keke da ta cije: inda yake aiki da inda kuɗi ke tafiya a banza

Duk wanda ya turo keke wurin mai gyara a Jos ya ce sirdi ya ƙi hawa ya ƙi sauka, kafin ya rufe baki wani daga cikin 'yan zaman benci zai ce, "Malam, a fesa masa WD mana." Shuɗin gwangwanin nan mai rawayan tambari da ɗan jan tsinke ya zama Panadol ɗin makanikai: ƙofa ta yi ƙara, shi, noti ya cije, shi, filogi ya sha ruwa, shi. Ba shi da wuyar samu. Yana nan a shagunan kayan mota na Dilimi da Farin Gada, da wurin masu sayar da kayan aiki a kewayen Taminus. Abin da muka auna shi da shi a nan aiki ɗaya ne tak: ciro sandar sirdi da ta kafe a cikin firam.

Hukuncinmu ya rataya ne a kan irin ƙarfen. A wani keken, feshi da haƙurin kwana biyu sun wadatar. A wani kuwa ko gwangwani uku ka juye, sai dai ƙamshi ya cika shago, sanda tana nan daram. Kuma ba laifin gwangwanin ba ne, an aike shi ne unguwar da bai sani ba.

Sunansa ma ya faɗi sana'arsa. Wani ƙaramin kamfani, Rocket Chemical, ya haɗa shi a San Diyego ta Amurka a 1953 don kare jikin makamin roka na Atlas daga tsatsa. Haruffan biyu na nufin korar ruwa, arba'in ɗin kuwa wai a gwaji na arba'in aka dace. A 1958 ya shiga kantuna. Mafi yawan abin da ke ciki wani tsinkakken ruwa ne dangin kalanzir mai saurin bin iska, sai ɗan mai mara kauri da yake bari a baya. Yana ratsa tsatsa, ya jiƙa ta, ya sa ta yi santsi. Narkarwa kam ba ya narkar da ita.

Saboda haka kafin ka sayi ko ɗigo, nemi maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne. Manna shi a jikin sandar, sannan a jikin firam. In ya kama, baƙin ƙarfe ne. In bai kama ba, alminiyam ne, ko kuma kabon, wato zaren kabon da aka daskarar da gam, idan keken tsere ne mai tsada. Kabon in ka ƙwanƙwasa shi da farce amon roba yake bayarwa, ba na ƙarfe ba. Sai ka dubi tsagar da ke bayan bututun da sandar ke shiga, inda zoben ɗauri yake matsewa. In bakinta ya fi gindinta faɗi, ko ka ga zane-zanen murɗa a jikin sandar, to da ma can ba sandar keken ba ce, wani ne ya dura mai kaurin milimita 27.2 a ramin 26.8 ko 27.0 da ƙarfin guduma. Wannan ba ciwon tsatsa ba ne, babu man da zai rage wa ƙarfe kauri. Zarto ne maganinsa, za mu zo kansa.

A baƙin ƙarfe cikin baƙin ƙarfe, wato tsofaffin kekuna irin Phoenix da Raleigh da Hero da yawancin kekunan yara, WD-40 ya ci kuɗinsa, muddin an ba shi lokaci. Kwance notin ɗauri ka cire shi gaba ɗaya, in zobe ne ka zare shi sama. Goge bakin bututun da buroshin waya. Sa sukudireba mai faɗin baki a tsagar ka buɗa ta kaɗan, milimita ɗaya ya isa. In ka wuce haka kunnuwan bututun na iya tsagewa, ka koma neman mai walda. Sa jan tsinken ka zagaye bakin da feshi, sannan ka bubbuga gefen sandar da guntun katako don girgizar ta taimaka wa man ya sauka. A maimaita safe da yamma, kwana biyu ko uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fesa, a sha shayi, a dawo a kama kokawa. Tsatsar wata shida ko shekara uku ba ta jiƙuwa a minti goma.

In ta sama ta ƙi, a biyo ta ƙasa, don sau da yawa cizon yana can ƙarshen sandar ne, inda ruwa ke kwanciya. Kifa keken, tayu a sama. Toshe bakin sandar da tsumma da leda in a buɗe yake. Cire sandar feda daga gidanta. A yawancin firam akwai rami daga nan zuwa bututun sirdi. In babu, ramin notin maƙalin gorar ruwa ma ƙofa ce. Ta nan za a zuba mai har ya shanye ƙarshen sandar. A nan ne gwangwanin ya fara tsada ba dalili, domin bututu mai faɗin milimita 27 yana cin fiye da mililita 100 a kowane santimita 20, ga kuma cikin sandar da shi ma zai cika. Wannan aikin jiƙo ne, kuma man gas ko kalanzir da aka gauraya da jan man giyar mota, wanda makanikai ke kira ATF, zai yi shi a kuɗi kaɗan. Wasu na haɗa ATF da asiton, sinadarin goge jan farce, rabi da rabi. Yana ratsawa sosai, sai dai ba sa zama a haɗe, dole a girgiza kafin kowane zubi, kuma asiton yana dusashe fenti. Man birki da wasu makanikai ke ɗiga wa noti, a bar shi a gareji: yana kwaile fenti kamar an ɓare rogo, yana kuma jan ruwa. Kamfanin WD-40 ɗin kansa yana da wani gwangwani dabam, Specialist Penetrant, wanda aka yi musamman don abin da ya cije. In ka same shi, shi ya fi dacewa da wannan aiki, ba na gama-garin ba.

Wajen murɗawa, kada a yi da sirdi mai kyau, ƙarafunan ƙasansa lanƙwashewa suke. A ɗaura tsohon sirdin ƙarfe, ko kuma, abin da ya fi, a kifa keken a danne kan sandar a bais, wato maƙatar danne ƙarfe, wanda aka kafe a teburi mai nauyi, a cire tayu, mutum biyu su kama firam su juya shi hagu da dama. Tsawon firam shi ne ƙarfinka. A fara da juyi kawai, ja sai daga baya. In ka ji ƙas kamar an karya rake, ta saki. Ƙara feshi, ci gaba da kai da komo, kana ɗaga firam sama a hankali.

Kada a doka sandar ciki da guduma. Ana yawan ba da wannan shawara, wai don a karya tsatsar. Wani lokaci takan karye ɗin, amma sandar ta nutse santimita biyu ta shiga inda ya fi ƙunci, abin kamawa ya ragu, kanta kuma ya baje.

To, ba a nan gizo ke saƙa ba. Yawancin kekunan hawan dutse na hannu da ke shigowa daga Turai da Amurka, waɗanda ake hawa Lamingo da Rayfil da hanyar duwatsun Shere da su, sandar alminiyam gare su, da yawansu kuma a cikin firam na baƙin ƙarfe. A nan WD-40 ɗan kallo ne.

Ga dalili. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗa jiki, ruwa mai ɗan gishiri ko datti ya shiga tsakaninsu, sai su zama kamar batir, kuma alminiyam ne ke cinyewa. Abin da yake zama ba jar tsatsa ba ce mai burtsatsi wadda mai ke ratsawa. Farin gari ne mai tauri, dangin abin da ake yin samfefa da dutsen wasa wuƙa da shi, kuma ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cin wuri. Ratar da ke tsakanin sanda da bututu ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba. Garin nan sai ya cika ta ya danƙare kamar siminti, yana tura bututun waje. Mai bai da hanyar shiga, ko ya shiga ba ya narkar da shi. Alamarsa ita ce farin ƙura-ƙura a bakin bututun, kamar an barbaɗa toka.

Jos kuwa ta tanadi duk abin da wannan ciwo ke so. Ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba, mai yawa a Yuli da Agusta. Keken da ba shi da abin tare taɓo, tayar baya tana watsa jan ruwa kai tsaye kan tsagar bututun. A wanke shi da garin sabulu a jingine, ruwan ya gangara ciki ya kwana. Ga waɗanda suka sha iskar teku a kwantena kafin su iso, ga kuma waɗanda aka kakkaɓo daga sito bayan cire tallafin mai a 2023, sun yi shekaru babu wanda ya taɓa sirdinsu.

Abin da ke taɓa wannan cizo sanyi ne, ba mai ba. Alminiyam yana buɗewa da tsukewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe: wajen kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri, shi kuwa ƙarfe wajen 12. Ma'ana, in ka gasa sandar alminiyam a cikin firam na ƙarfe, ƙara cijewa take yi muddin tana da zafi. Sanyi ne ke tsuke ta. A zuba tafasasshen ruwa a jikin bututun, a bari ya huce, sannan a cika cikin sandar da dakakkiyar ƙanƙara da gishiri, a murɗa a bais tun tana da sanyi. Kada a sa rai da yawa, domin a sanda mai milimita 27.2, ko digiri 100 aka sauke, tazarar da za a samu ba ta wuce milimita 0.03 ba. Amfanin yana cikin maimaitawa: zafi, sanyi, zafi, sanyi, sau huɗu ko biyar, har garin ya tsattsage. Sai a lokacin feshin WD-40 yake da ɗan tasiri, don ya sami tsagar bi. Wajen murɗar ma, in sandar ta fara motsi ta yi ɗumi saboda gugar, a dakata ta huce, in ba haka ba za ta sake kamewa a rabin hanya.

Ruwan amoniya da ake jiƙa ta da shi ta ƙasa yakan taimaka idan cizon bai yi nisa ba, yakan kuma gaza. A yi shi a waje saboda warin, kuma kada ya kusanci ruwan bilic, haɗuwarsu iska mai guba ce. Coca-Cola da ake ta yayatawa, ɗan asid ɗin da ke cikinta na iya lasar jar tsatsa, amma a kan alminiyam sai dai ta tara maka tururuwa.

Idan kwana uku sun wuce ba motsi, a haƙura da sandar a ceci firam. Yanke ta a bar santimita 2 zuwa 3 a waje. Wanda ya yanke daidai da bakin bututun ya rasa abin kamawa. Ɗauki ruwan zarton ƙarfe mai tsawon milimita 300, mai haƙora 18 a inci, don alminiyam yana toshe masu ƙananan haƙora. Naɗe gefe ɗaya da tsumma, haƙoran su fuskanci hannunka yadda zai yi yanka a jawowa. Zura shi cikin sandar ka tsaga ta a tsaye daga sama har ƙasa. Wahalar ita ce hannu yakan ci bakin ya bar gindin, sai ka huda bututun a sama alhali ƙasa ko rabi bai kai ba. A riƙa haska tocila, a kwantar da ruwan zarton a miƙe, a saurari amo: alminiyam yana yankuwa da laushi, da zarar haƙori ya taɓa ƙarfe ƙarar takan canja. Tsaga ɗaya ba kasafai take isa ba. A yi ta biyu a nesa da ta farko da kamar santimita ɗaya, a ɓalle siririn yankin da ke tsakani, sannan a kama sauran da filaya mai kulle a naɗe shi ciki. Aikin awa biyu zuwa huɗu ne, ya danganta da kaurin sandar da zurfin da ta shiga. Mai gyaran da ya ce zai gama a minti ashirin, kurfi da guduma zai sa, kuma tabon zai fito a jikin bututun.

Hanya ta ƙarshe ita ce soda, wadda mata masu yin sabulu suka sani, ana kuma samunta wurin masu sayar da sinadaran sabulu. Tana cinye alminiyam ta bar baƙin ƙarfe. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba ya da sassauci: firam ɗin ya zama na baƙin ƙarfe, maganaɗisu ya tabbatar. A firam na alminiyam za ta cinye keken tare da sandar.

A tuɓe firam tas, a cire duk wani abin alminiyam. A yanke sandar, a toshe bakin da roba da tsohon tiyub a ɗaure tamau, a kifa firam a kan bokitin roba, a toshe ramukan notin gora. Giram 200 zuwa 250 na soda a lita ɗaya ta ruwan sanyi ya isa. Soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa kan soda, don tafasa take yi ta fantsamo. A haɗa a roba mai kauri. Tukunyar dalma ko kofin alminiyam hujewa za su yi. A zuba ta gidan feda da mazurarin roba, kofi ɗaya a lokaci guda, a ja da baya. Cikin 'yan mintuna zai fara kumfa da zafi, yana amai da baƙin ruwa. In ya lafa a zubar a sake sabo. A lissafi, kowane giram na alminiyam yana cin wajen giram ɗaya da rabi na soda, don haka guntun sanda mai giram 150 zai ci fiye da giram 220, a aikace kuma a tanadi rabin kilo ko fiye. Yana iya ɗaukar yini, yana iya kai kwana biyu.

Abu biyu ke sa wannan hanya ta zama ta manya. Na farko ido: ɗigo ɗaya na iya makantarwa, saboda haka tabarau mai rufe gefe da safar hannu ta roba da bokitin ruwa a kusa ba zaɓi ba ne. In ta taɓa ido a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20 a tafi asibiti. Na biyu iskar haidurojin da ke fita, mai kamawa da wuta: giram 100 na alminiyam yana fitar da fiye da lita 130. A yi a fili, nesa da murhu da janareta da mai shan taba, kuma kada a toshe ramin da ake zubawa, iskar na buƙatar mafita. Yara da awaki su yi nisa. Fenti kam duk inda ruwan ya bi sai an sake.

Game da kai keke wurin mai waldar gas, abin da mutane ke garzayawa su yi in WD ya gaza: garin neman gira ake rasa ido. Bututun da aka kwana uku ana ɗura masa WD-40 ko kalanzir, da harshen wuta ya taɓa shi zai tashi. Ko an wanke, fenti ya tafi, kuma tsofaffin firam da aka haɗa gaɓoɓinsu da farin ƙarfe ko tagulla ba sa son a gasa musu wuya. A firam na alminiyam kuwa abin ya fi muni. Ƙarfinsa daga gashin masana'anta ya samo shi, zafin da ya haura digiri 200 yana fara kashe shi, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe, sai dai ka ga ya zube a wajen digiri 600 da ɗoriya. Firam ɗin da aka gasa zai fito lafiya a ido, ya tsage wata rana a gangara.

Firam na alminiyam da sandar baƙin ƙarfe shi ne wurin da zafi ke taimako, kuma tafasasshen ruwa ya isa. Naɗe bututun da tsumma, a yi ta zuba ruwan buta biyu ko uku, a murɗa da zafinsa, don firam ɗin ya fi sandar buɗewa. A tudun Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, ruwa na tafasa ne a kusan digiri 96, ga iskar hunturu mai saurin hucar da ƙarfe, don haka a kafa bais kusa da wuta, ko a bari sai rana ta take. Alminiyam cikin alminiyam ba ya jin wannan dabara, tare suke buɗewa. Jiƙo da bais, in ya ƙi zarto, da hannu mai sanyi ƙwarai tunda bututun ma laushi gare shi. Kabon kuma ba wuta, ba soda, ba murɗa firam da ƙarfi. A sadaukar da sandar a wurin wanda ya taɓa yin aikin.

Shi kansa gwangwanin, ƙaramin ya ishi keke ɗaya, sayen babba don wannan aiki ɓarnar kuɗi ce. Jan tsinken yana da saurin ɓata, kuma ba tare da shi ba rabin feshin a ƙasa yake ƙarewa. A manne shi da salatif. Akwai jabu da masu kwaikwayon launinsa, a karanta sunan da kyau, a saya a shago mai zama ba a hannun mai yawo ba. A kiyaye kada ya taɓa robar birki ko gefen rim ko faifan birki.

Inda ya fi burge mu shi ne bayan sanda ta fita. A naɗa samfefa a jikin sanda ta katako a goge cikin bututun har farin garin da tsatsa su ƙare, a ɗauraye in an yi amfani da soda, a shanya, sannan a fesa WD-40 ciki. Wannan ita ce ainihin sana'arsa, korar ruwan da ya maƙale a lungu. Amma kada a mayar da sabuwar sanda da shi kaɗai, kwana kaɗan zai bushe ya bar ƙarfe da ƙarfe. Giris ake shafawa, na boris ɗin mota ma ya yi, siririn shafi a jikin sanda da cikin bututun, a cusa kaɗan a tsagar baya. Kabon yana da nasa man na musamman mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, giris na sa shi zamewa. A auna ramin kafin a sayi sanda, 25.4 ne ko 27.2 ko 30.9 ko 31.6, ta shiga da hannu ba da guduma ba, ta kuma wuce layin da aka zana mata na mafi ƙarancin zurfi. Notin ɗauri a yawancin kekunan zamani niyuton-mita 5 zuwa 6 yake so, wato matsin ɗan gajeren alanki da yatsu, ba da faif ba. A zare sandar a goge a sake giris sau biyu a shekara, a Afrilu kafin ruwa ya sauka da Oktoba bayan ya ɗauke, a naɗa salatif a daidai tsayin da aka saba kafin a zare don kada a ɓata saiti.